Shin Sherlock Holmes ɗan dambe ne? Amsa kan fim ɗin 2009

Tambaya: Malam, na kalli fim ɗin Sherlock Holmes na 2009, wanda Robert Downey Jr. ya fito a ciki. Abin da na sani tun muna makaranta shi ne Holmes mutum ne mai zama a kujera da lofe a baki, yana warware laifi da tunani kawai. Amma a fim ɗin na gan shi ba riga yana naushin ƙato, har ya yi tsalle ta taga ya faɗa kogi. Abokina ya ce sun ɓata shi ne don neman kuɗi. Haka ne? In kuma ina son karanta labaran asali, daga ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, abokinka ya ji ƙanshin gaskiya, sai dai ya nuna tukunyar da ba ita ba. Naushin da ya ɓata masa rai yana nan a cikin littattafan, baƙi a kan fari. Akwai abin da fim ɗin ya zubar wanda ni ma yake ci mini rai duk sanda na sake kallonsa, kuma zan zo kansa. Amma bari mu fara wanke fim ɗin daga laifin da bai yi ba.

Arthur Conan Doyle likita ne, haifaffen Edinburgh a 1859. Ya fito da Holmes a 1887 cikin littafin A Study in Scarlet, ya ci gaba da rubuta shi har 1927: dogayen labarai 4 da gajeru 56, jimla 60. Tun a littafin farko, Dakta Watson, da ya rasa gane ko wane irin mutum ne wannan da suka kama haya tare a lamba 221B kan titin Baker a Landan, ya zauna ya jera abin da abokin zamansa ya sani da wanda bai sani ba. Adabi babu, falsafa babu, ilimin taurari babu, har bai san ƙasa ce ke zagaye rana ba. Sinadarai kuwa ya sha su. A ƙarshen jerin ya rubuta cewa ya iya gogen Turawa, kuma gwani ne a wasan sanda, da dambe, da takobi. Wannan a littafin farko ke nan, tun kafin kowa ya yi mafarkin sinima mai magana.

A littafi na biyu, The Sign of the Four na 1890, sun je wani gida da dare mai gadi ya hana su shiga. Mai gadin tsohon ɗan damben kuɗi ne, sunansa McMurdo. Holmes ya tuna masa cewa shekara huɗu da suka wuce sun yi turmi uku da shi. Nan take mutumin ya gane shi, ya ce ai da naushin nan nasa na ƙasan haɓa ya kai masa maimakon tsayawa shiru, da tuni ya shaida shi, ya kuma ƙara da cewa ya yi asarar baiwarsa da bai rungumi dambe ba. Ka koma fim ɗin ka duba sunan ƙaton da Holmes ya kayar a ramin dambe. McMurdo ne. Masu fim ɗin sun karanta littafin. Shi wannan littafi kuma kusa da ƙarshensa akwai tseren jiragen ruwa a kogin Tems, ana zuba gawayi a tukunyar jirgi, ana harbi cikin duhu. In wannan ba fitowar fim ɗin faɗa ba ce, ban san me za a kira ta ba.

Akwai sauran. A wani labari, wani mugun likita mai suna Roylott ya biyo 'yar matarsa har ɗakin Holmes, ya ɗauki ƙarfen tonon wuta na murhu ya lanƙwasa shi da hannu don tsoratarwa, ya jefar ya fita. Holmes ya yi dariya, ya ɗauki ƙarfen ya miƙar da shi. A wani kuma ya dawo daga ƙauye da fasasshen leɓe da ƙulu a goshi, yana ba Watson labarin yadda ya yi da wani ɗan iska a mashaya har sai a amalanke aka kai mutumin gida. Harbin bango da ka gani a fim, inda yake zaune cikin ɗaki yana rubuta haruffa da harsashi, shi ma daga littafi aka ɗauko: V.R. ya rubuta, haruffan sunan Sarauniya Victoria. Da Doyle ya gaji da shi ya kashe shi a 1893 a magangarar ruwa ta Reichenbach da ke Suwizalan, sannan ya dawo da shi a 1903, hujjar da ya bayar ta tsirarsa ita ce Holmes ya iya wata kokawar Japanawa da ya kira baritsu, da ita ya zame daga riƙon babban abokin gabarsa, Farfesa Moriarty. Sunan ya yi kusa ƙwarai da bartitsu, wani salon kare kai da wani Bature mai suna Barton-Wright ya koyar a Landan a ƙarshen ƙarni na 19, wanda ya haɗa kokawar Japan da dambe da faɗa da sandar hannu.

To daga ina hoton dattijo mai lofe ya fito? Mafi yawansa daga masu zane da 'yan wasa. Hular nan mai baki gaba da baya da kowa ya san shi da ita, mai zanen mujallar Strand, Sidney Paget, shi ya ɗora masa ita a 1891, kuma hular tafiya ƙauye ce, ba wadda mutumin kirki zai sa a tsakiyar Landan ba. Lanƙwasasshen lofen ana danganta shi da William Gillette, ɗan wasan Amurka da ya fara fitowa a matsayin Holmes a dandamali a 1899. Jimlar nan da ake yawan maimaitawa, wai abu ne mai sauƙi ya abokina Watson, babu ta a wannan siga a ko ɗaya daga labarai 60. Sannan Basil Rathbone ya fito a matsayin Holmes a finafinai 14 tsakanin 1939 da 1946, su suka kafe hoton a idon duniya. Abin lura, a cikin finafinan Rathbone ɗin akwai waɗanda aka ɗauko Holmes daga zamanin keken doki aka kawo shi Yaƙin Duniya na Biyu yana farautar 'yan leƙen asirin Jamus. Kowane zamani yana ɗinka wa mutumin nan rigar da ta yi masa daidai da kasuwarsa. Guy Ritchie, daraktan fim ɗin 2009, ba shi ya fara ba.

Inda nake ganin fim ɗin ya cancanci a tafa masa shi ne wajen Watson. Nigel Bruce, wanda ya fito tare da Rathbone, ya mai da Watson tsoho mai tumbi, mai mantuwa, wanda ake ajiyewa don a yi dariya kuma don hasken Holmes ya ƙara fitowa. Wannan zalunci ne da aka shekara da shekaru ana yi wa mutumin. Watson na Doyle likitan soja ne matashi, ya yi digirinsa a Jami'ar Landan a 1878, an harbe shi a yaƙin Maiwand a Afganistan a 1880, ya dawo gida da rauni da ɗan fansho. Shi ke ɗaukar bindiga in za a je wuri mai haɗari. Jude Law, wanda ya fito a matsayin Watson a fim ɗin 2009, ya dawo masa da ƙuruciyarsa da ƙarfinsa da ɗingishinsa da tsaftarsa ta soja. Har ƙaramin abin nan na son caca da aka nuna yana da tushe: a wani labari Watson ya amsa cewa kusan rabin fanshonsa a sukuwar dawaki yake tafiya, a wani kuma an ce littafin cakinsa a kulle yake cikin aljihun teburin Holmes. Duk wanda ya tono waɗannan ya yi karatu da gaske. Zumuncin mutanen biyu, da kishin da Holmes ke yi ganin Watson zai yi aure ya bar shi, shi ne zuciyar fim ɗin, kuma shi ne abin da ya fi kama da ruhin littattafan a cikinsa.

Dabarar da ta fi burge ni kuma ita ce yadda aka nuna tunani a cikin faɗa. Matsalar duk wanda zai yi fim ɗin mai bincike ita ce tunani ba ya ganuwa. A takarda kana iya zama cikin kan mutum shafi uku. A allo, mutum mai tunani mutum ne kawai da ya yi shiru. Ritchie ya samo hanya: kafin Holmes ya kai hannu, sai a rage gudun hoto ƙwarai, ka ji muryarsa yana karanta abokin karawarsa. A fitowar farko ya dubi wani mai gadi ya ce kansa a karkace yake, ke nan kunne ɗaya bai ji sosai, nan za a fara. Mashayi ne, ke nan haƙarƙari da hanta. Yana jan ƙafa, ke nan gwiwa. Sai a sake nuna abin da gudunsa na gaske, cikin daƙiƙa kaɗan. Wannan lura ce da yanke hukunci, irin ta Holmes, sai dai an juya fuskarta. A littafi yana duban alama ya gaya maka abin da ya riga ya faru. A fim yana duban alama ya gaya maka abin da zai faru. A fim na biyu, na 2011, an kai dabarar ƙarshenta: Holmes da Moriarty suna tsaye a baranda a kan magangarar ruwan, kowanne yana buga faɗan a cikin kansa, Moriarty ya shigo cikin lissafin ya amsa masa, Holmes ya ga cewa da raunin kafaɗarsa ba shi da hanyar cin nasara, sai ya rungume shi suka faɗa tare. Ban taɓa ganin an nuna hankali biyu suna karawa a allo da kyau kamar nan ba.

Yanzu ga inda abokinka yake da gaskiya.

Ka san labarin nan na Larabawa na 'ya'yan Nizar, da suka haɗu da mai cigiyar raƙumi a hanya? Ɗaya ya ce raƙuminka mai ido ɗaya ne, ɗaya ya ce yana ɗingishi, ɗaya ya ce guntun bindi gare shi, ɗaya ya ce gudajje ne. Mai raƙumi ya riƙe su ya ce su suka sace, alhali ba su taɓa ganinsa ba. Da aka je gaban mai hukunci suka yi bayani: ciyawar gefe ɗaya kawai ya ci, sawun ƙafa ɗaya bai fita daidai da sauran ba, kashinsa a tare yake wuri guda ba a warwatse ba. Daɗin wannan labari duk yana cikin abu guda. Ciyawar da sawun da kashin suna nan a hanya, kowa ya bi ta kansu, kai ma da ka bi da ka gan su. Abin da mutanenmu ke kira firasa ke nan, kuma shi ne aikin masu bin sawu a karkara. Labarin Holmes na gaske a kan wannan aka gina shi. Doyle ya koyo shi daga malaminsa a makarantar likitanci, Dakta Joseph Bell, wanda kan dubi majinyaci ya faɗi sana'arsa da inda ya fito kafin ya buɗe baki. A wani wuri Holmes ya tambayi Watson matakala nawa ce daga ƙasa zuwa ɗakinsu. Watson ya hau ta sau ɗaruruwa, bai sani ba. 17 ce. Holmes ya ce masa kana gani amma ba ka lura.

Ɗauki labarin dokin sukuwa Silver Blaze na 1892. An sace doki da dare, an tsinci gawar mai horar da shi a fili. An gaya wa mai karatu komai: yaron barga an sa masa banju a abincin dare, abincin naman tunkiya ne da miya mai yaji, akwai kare a bargar, an samu wata siririyar wuƙar likitan ido a hannun mamacin, kuma tumaki uku na gidan sun fara ɗingishi kwanan nan. Sufeton 'yan sanda ya tambayi Holmes ko akwai abin da yake so ya lura da shi, ya ce abin mamakin da kare ya yi da daren. Sufeto ya ce ai kare bai yi komai ba. Holmes ya ce to wannan shi ne abin mamakin. Nan mai karatu yake ajiye littafi ya yi tagumi. Kare bai yi haushi ba domin ya san wanda ya shigo. Yajin miya shi ya ɓoye ɗacin maganin, ke nan wanda ya zaɓi abin da za a dafa a daren yana da hannu. In ka gano kafin a faɗa maka, ka ji kanka ya yi girma. In ba ka gano ba, ka dafe goshi ka ce ai a gabana yake. Ko wanne ya same ka, an yi wasan da kai.

Fim ɗin 2009 bai yi wasan da kai ba. Bos ɗinsa, Lord Blackwood, wanda Mark Strong ya fito a matsayinsa kuma babu shi a littattafan Doyle, ya kashe mata biyar da sunan tsafi, an rataye shi, Watson da kansa ya tabbatar ya mutu, sai ga shi ya fasa kushewa ya fito. Daga nan mutane suka dinga mutuwa ta hanyoyin da suka yi kama da sihiri, har aka kai ga shirin kashe 'yan majalisar dokoki da iska mai guba. A kan ƙa'ida fim ɗin ya tsaya inda Doyle ya tsaya, domin a ƙarshe babu sihiri ko kaɗan, kamar yadda ƙaton karen littafinsa The Hound of the Baskervilles ya tashi daga aljani ya koma karen da aka shafa wa sinadari mai walƙiya. Amma duba yadda aka warware. Holmes ya shiga ɗakin gwaje-gwajen wani mutum, kyamara ta wulga kan saƙar zuma da ganye da kwaɗi, ba a ba ka ko numfashi ɗaya ka yi tunani ba sai ga ƙato da guduma an hau faɗa, faɗan ya kai har ma'aikatar ƙera jiragen ruwa. Sai a mintunan ƙarshe, a saman gadar Tower da ba a gama ginawa ba, Holmes ya zazzago bayani kamar mai karanta lissafin kanti: dutsen kushewa an riga an fasa shi an manne da gam, wutar da ta cinye jakadan Amurka wani ruwa ne mai kamawa da aka yayyafa masa. Bayan nan kuma aka ƙaro da ƙugiyar da ta ɗauke nauyin igiyar rataya, da gubar wani fure da ke kwantar da bugun jini. Babu mai kallon da zai iya haɗa waɗannan da kansa, ko da ya tsayar da hoton, domin sinadaran ba abin da mutum ya sani ba ne. An nuna maka cewa Holmes yana da wayo. Ba a ba ka dama ka gwada naka ba.

Ba zan ɓoye maka ba, Doyle ma wani lokaci yana riƙe alama a aljihu sai ƙarshe. Amma ko a nan akwai lokacin zama: ana shiga jirgin ƙasa, ana duba taga, Watson yana kawo nasa hasashen yana kuskure, kai ma kana kawo naka. Wannan shirun shi ne fim ɗin ya ji tsoro.

Misali ɗaya zai nuna maka girman asarar. A farkon The Sign of the Four, Watson ya miƙa wa Holmes agogon aljihu don ya gwada shi. Holmes ya juya shi ya ce na yayanka ne, ya gada daga mahaifinku. Mutum ne marar kula, domin ya haɗa agogo mai tsada da makullai da kuɗi a aljihu ɗaya har ya lotsa. Ya sha shiga talauci yana fita, domin ga lambobin masu karɓar jingina har huɗu a cikin murfin. Kuma giya ta ci shi, domin ga ƙarce-ƙarce kewaye da ramin makulli inda hannu mai rawa ya yi ta kuskure da dare. Watson ya miƙe cikin ɓacin rai yana ɗingisa a ɗakin, ya ce wannan bai dace da kai ba, ka binciki tarihin ɗan'uwana ne kawai. Holmes ya ba shi haƙuri, ya ce ya ɗauki abin kamar lissafi ya manta cewa ciwo ne a gare shi. Ka ga, a shafi biyu an nuna maka baiwar mutumin da illarta da kuma zuciyarsa. Fim ɗin ya ɗauko wannan agogo, da ƙarcensa da lambobinsa, ya sa shi a aljihun gawar wani da ba mu sani ba, amfaninsa kawai ya kai su shagon jingina, daga nan zuwa faɗa na gaba. Kalmomin na Doyle ne, nauyinsu ya zube a hanya.

Sai batun girman abin da ake bincike. Mafi daɗin labaran Holmes ƙananan al'amura ne. Mai shagon jingina da aka ɗauka aikin kwafar littafi don kawai gashinsa ja ne. Tsohuwar hula da dinya da aka tsinta a titi ranar Kirsimeti. Malamar kiɗa da wani ke bi a keke. Mutum ne ke hawo matakalar nan 17 da damuwarsa, sau da yawa talaka ko mace da ba ta da mai tsaya mata, 'yan sanda ba su ga abin dubawa ba, Holmes ya ja mata kujera ya saurara. A labarin dinyar, da ya kama ɓarawon ya ga tsoro ya riga ya karya shi, sai ya buɗe ƙofa ya ce fita, domin kurkuku zai mai da shi ɗan fursuna na har abada. A wani labarin na 1893 Holmes ya yi kuskure ɗungurungum: ya zaci mace tana ɓoye tsohon miji ne, ashe 'yarta ce ƙarama da ta haifa wa mijinta na farko, baƙar fata ɗan Amurka, tana tsoron abin da sabon mijin zai ce. Mijin ya ɗauki yarinyar ya sumbace ta ya kama hannun matarsa. Da suka koma gida Holmes ya ce wa Watson duk ran da ya ga yana cika baki ya raɗa masa sunan unguwar, Norbury, a kunne. A fim ɗin babu wanda ya hawo matakala da ƙaramin kuka. Daular Birtaniya ce za ta faɗi, a na biyu kuma Turai ce za ta kama da yaƙi. Idan duniya duka ce ke cikin haɗari, ba ka san fuskar wanda za ka ji wa tausayi ba.

Tunda na ambaci wannan labari, gaskiya ta wajaba: Doyle ɗan zamanin mulkin mallaka ne, kuma hakan ya fito a rubutunsa. Yadda ya siffanta mutumin tsibirin Andaman a The Sign of the Four, da wani ɗan dambe baƙar fata a ɗaya daga labaransa na ƙarshe, abu ne da zai sosa ranka, kuma ya kamata ya sosa. Ina son labaran nan ƙwarai, amma ba na karanta waɗannan shafuka ba tare da ɗaci ba, kuma ba na son ka ci karo da su ba shiri.

Sauran sauye-sauyen ba su dame ni haka ba. Irene Adler a labari ɗaya tak ta fito, mawaƙiya ce da ta fi Holmes dabara ta auri wani lauya ta yi gaba, kuma Watson ya faɗa ƙarara cewa abin da Holmes ke ji game da ita ba soyayya ba ce. Fim ya mai da ita ɓarauniya kuma tsohuwar masoyiya, don kasuwa na son mace kusa da jarumi. Mary, matar da Watson zai aura, a littafi ita ce ta kawo wa Holmes ƙara, ta nan Watson ya gan ta. A fim sai a wurin cin abinci suka fara haɗuwa har ta watsa masa abin sha a fuska. Holmes na littafi dogo ne siriri, ya haura ƙafa shida, ɗakinsa kaca-kaca amma jikinsa tsaf, har Watson ya kwatanta tsaftarsa da ta kyanwa. Downey ba dogo ba ne, kuma an bar shi da ƙasumba da riga a yamutse. Allurar hodar iblis da Holmes ke yi wa kansa in ba shi da aiki, wadda Watson ya yi ta yi masa faɗa a kai a matsayinsa na likita, an kauce mata.

Batun kuɗi kuwa, abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai ba abin kunya ba ne a faɗe shi. Kamfanin Warner Bros. ya kashe kimanin dala miliyan 90, ya saki fim ɗin ranar Kirsimetin 2009, mako guda bayan Avatar, kuma duk da haka ya tara fiye da dala miliyan 520 a duniya. Downey ya fito ne da zafin Iron Man na 2008, ya kuma ci kyautar Golden Globe da wannan rawa. Fim mai irin wannan jari dole ya sayu a ƙasashen da ba a jin Turanci, kuma naushi ba ya bukatar tafinta, alhali zancen karen da bai yi haushi ba sai an fassara, an kuma samu mai haƙurin saurare. Shi ya sa Holmes mai zama ya yi tunani ya fi samun gida a talabijin, inda jari bai kai haka ba kuma lokaci ya fi yawa. In kana son ganinsa kusa da yadda aka rubuta shi, nemi wanda Jeremy Brett ya yi wa gidan talabijin na Granada daga 1984 zuwa 1994. A wurina har yau babu wanda ya kamo shi. Shi ma, ka lura, yana tsallake kujera yana kwanciya a ƙasa da madubin ƙara girma, ba dattijon zaune ba ne.

Ni dai ina kallon fim ɗin Ritchie ina jin daɗinsa. Kiɗan Hans Zimmer, da fiyanonsa mai kama da ta lalace da gogensa mai kaushi, ya dace da Landan ɗin da aka nuna, mai laka da hayaƙi da ma'aikata, wadda ta fi kusa da gaskiyar 1890 fiye da tsaftatattun titunan tsofaffin finafinai. Kuma na san mutane da dama da wannan fim ne ya fara sa su neman littafin, kamar yadda ya sa ka yanzu.

Game da inda za ka fara, kada ka fara da A Study in Scarlet duk da shi ne na farko, domin a tsakiyarsa labarin yana barin Landan ya tafi Amurka na tsawon babi biyar ba Holmes, kuma nan mutane da yawa ke ajiye shi. Nemi tarin gajerun labarai na farko, The Adventures of Sherlock Holmes na 1892, guda 12 ne, hakkin mallakarsu ya daɗe da ƙarewa, kana samunsu kyauta a intanet. Turancin tsoho ne amma ba mai wuya ba. Buɗe na takwas, The Speckled Band, wanda Doyle da kansa ya sa a saman jerin waɗanda ya fi so, shi ne na likitan da ya lanƙwasa ƙarfe. Wata budurwa ce ta zo da sassafe tana rawar jiki, 'yar'uwarta ta mutu cikin ɗaki a kulle shekara biyu da suka wuce bayan ta yi ta jin fito da dare, yanzu ita ma an mai da ita ɗakin kuma ta fara jin fiton. Ka bi Holmes cikin gidan a hankali. Zai nuna maka igiyar ƙararrawa da ba ta kaɗa komai, da 'yar kafar iska da ke buɗewa zuwa ɗakin maƙwabci maimakon waje, da ɗan faranti na madara a gidan da ba kyanwa, daga baya ya gaya wa Watson cewa gadon a kafe yake da daɓe. Da ka kai inda suka zauna cikin duhu suna jira, rufe littafin, ka ba kanka minti goma, ka rubuta abin da kake zato a takarda kafin ka juya shafin.